Yadda Muka Raba Kafso da Jan Sa

A ƙarshen daminar 1977, daga gindin duwatsun Faskari har ka dangana da kasuwar Damari, ba a haifi yaron da ya kai ni ƙarfin ciki ba. Ba cika baki nake yi ba, akwai shaidu, wasunsu suna nan da rai suna tauna goro da sauran haƙoran da suka rage musu. Ranar wata Asabar, a bakin sabon titin da ake shimfiɗawa kusa da ƙauyenmu, na tara 'yan ajinmu na ce su zo su ga ikon Allah. Na cinye gasasshiyar masara bakwai, na bi ta da ɗanyar gyaɗa cike da hula, na ɗora ɗinya har harshena ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Sannan na gangara ramin da masu aikin titi suka haƙa suka ɗebi jar ƙasa, wanda ruwan sama ya cika, na shimfiɗa bakin rigata a kan ruwan na zuƙa ta cikinta. Haka kowa yake yi a lokacin. A ganinmu in dai riga ta tare ƙwaro da gansakuka, abin da ya wuce ta ya halatta. Shanu suna sha a gefe ɗaya, leburori suna zagayawa bayan tudun ƙasar da ke ɗaya gefen, ni kuwa ina tsakiya ina buga ciki kamar ganga, ina cewa ko ƙusa na haɗiya sai ta narke. Ranar Litinin da safe muna tsaye a layin fareti, hedimasta yana duba farce, sai cikin nan nawa mai narka ƙusa ya yi wata ƙara da ta sa har monita ya waiga. Gudun da na yi zuwa gonar dawar da ke bayan makaranta, da ana ba da kofi a kansa, da yanzu yana ɗakina a kan talabijin.

Atuni ne ya kama ni, mai murɗa da majina da jini-jini, irin wanda zai kai mutum bayan gida sau ashirin a yini, kowane zuwa abin da zai fita bai cika cokali ba. Kwana biyu na koma kamar tsumman da aka matse. Gidanmu gidan gandu ne, mun fi mutum talatin in aka haɗa da na goye, rumbuna shida a tsakar gida, turken awaki ta kudu, shanun huɗa biyu a gindin ɗorawar ƙofar gida. Mahaifina yana can Kaduna yana aikin gini, don a shekarun nan kuɗin mai sun ja duk mai ƙarfin kafaɗa zuwa birni, saboda haka komai yana hannun yayansa, Baba Alhaji. Inna, mahaifiyata, ta fara da abin da ta sani: jiƙon bagaruwa, dafaffen ganyen gwaba, kunun kanwa mai zafi. Liman ya aiko da rubutu na sha. Da aka ga idanuna sun fara faɗawa, sai Baba Alhaji ya ɗora ni a bayan sabon kekensa, wanda ko ledar da ya zo da ita ba a ɓare ba, muka nufi disfensaren garin da muke cin kasuwa.

Mai ba da magani a wurin Malam Jatau ne, wani dogo siriri mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Asalinsa ɗan unguwannin Maguzawan ƙasar Kankara ne, iyayensa suka zama Kirista, ya koyi aikin asibiti a hannun 'yan mishan. Kowa Malam yake ce masa, har limaminmu, wanda kan je wurinsa a yi masa allurar sanyin ƙashi su ɓata rabin yini suna gardamar farashin auduga. Ya danna cikina, ya ja fatar hannuna ya saki, ya yi wa Baba Alhaji tambayoyin da ban taɓa jin an yi wa babban mutum irinsu ba. Sannan ya zuba kafso mai ja da rawaya a 'yar takarda ya naɗe, ya ce sau huɗu a yini har kwana bakwai, kada a tsallake, kada a rage. Baba Alhaji ya ce to, ya jefa a aljihu.

To, a nan sai na yi muku bayanin Baba Alhaji, Allah ya jiƙansa, don in ba ku san shi ba za ku ce mugunta ce, alhali kuwa adalci ne ya yi masa yawa. A gidanmu duk abin da ya shigo ta zaure na gandu ne, kuma shi ke rabawa. Nama in an yi yanka, gishiri, kananzir, takin zamanin da gwamnati ta fara turowa, har burodin da mahaifina kan aiko daga Kaduna, sai an ajiye a gabansa ya yayyanka da 'yar wuƙarsa kowa ya samu, ko da yankan ya yi sirantar da za ka hango mai wucewa ta cikinsa. Yakan ce, "Abin da mutum ya ci shi kaɗai ba ci ba ne, sata ce." Yana da wani gwangwanin alewa da ya zo da shi daga Makka, a ciki yake ajiye allura da zare da ƙwayar ciwon kai da duk wani ƙaramin abu mai daraja. Nan kafsona ya shiga. Kwana uku yana kirana yana ba ni da hannunsa. A rana ta huɗu ya ga na cinye tuwo malmala biyu na nemi ƙari, da yamma kuma ya hango ni a dandali ina langa, sai ya rufe gwangwani ya ce alhamdu lillahi, yaro ya warke, saura kuma na gida ne. A wurinsa ba wa mai lafiya magani almubazzaranci ne. Kafin mako ya zagayo sauran ya watse: matar wani ƙanensa mai ciwon haƙori ta samu biyu, maƙwabcinmu da kunama ta harba ya samu ɗaya, wata baƙuwa mai jiri ta tafi da nata a matsayin guzuri.

Na koma makaranta ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Makarantar tamu sabuwa ce, daga cikin waɗanda aka bubbuɗe lokacin da aka ce ilimi kyauta ne ga kowa: ɗaki biyu masu rufin kwano, wani tsohon ƙarfen tayar mota rataye a jikin bishiyar bedi shi ne ƙararrawa, benci ɗaya mutum biyar. Ina son wurin nan kamar raina. Ba zan ɓoye muku ba, rabin son saboda yana raba ni da tsinkar auduga da korar tsuntsu a gonar gero ne. Amma ɗaya rabin na gaskiya ne: na fara iya karanta rubutun da ke jikin manyan motoci, kuma na sa a raina sai na zama akawu mai biro uku a aljihu. Mako uku ban cika ba ciwon ya dawo. Aka sake ɗora ni a keke, Malam Jatau ya sake naɗo kafso, aka sake ba ni na kwana uku, gwangwani ya sake rufewa. Na koma aji, ya sake dawowa. Kafin a gama ɗaure dawa a kai rumbu na kwanta sau uku, gajeren wandon makarantata sai da Inna ta ƙara masa mazagi, haƙarƙarina kuwa yara suna iya koyon ƙirga a kansa. Abokan da na tara a bakin titi suka raɗa mini Sarkin Gudu.

Baba Alhaji ya zauna ya yi nasa lissafin, kuma in ka bi ta hanyarsa ba za ka ce ya yi wauta ba. Yaro in yana gida sai ya warke, da ya koma boko sai ya kwanta. Ke nan makarantar ce ba ta karɓe shi ba. Wata safiya ya kira Inna bakin zaure ya gaya mata cewa in ciwon nan ya ƙara dawowa sau ɗaya, an gama da boko, za a kai ni Pauwa wurin kawunnena in yi kiwon tumaki in sha iskar daji, ba zai bari ɗan ƙanensa ya mutu a hannunsa saboda alli da allo ba. Inna ta dawo ta zauna gaban murhu tana hura wutar da ta riga ta kama. Ni kuwa da murɗar ta huɗu ta fara, kwana biyu ina ɓoye ta, ina cije leɓe a aji, ina zagayawa can nesa bayan gonar rogo don kada a gani. A rana ta uku jiri ya kayar da ni a bakin rijiya, guga a hannu.

Aka sake kai ni disfensare, kuma wannan zuwa na huɗu shi ne ya ceci biro ukuna. Malam Jatau ya dube ni, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce abin yana ɗaure masa kai, don maganin nan ya ba wa yara da yawa sun tashi, ban da ni. Baba Alhaji, don ya kwantar masa da hankali kada ya ga kamar ana raina aikinsa, sai ya gyara zama ya ce:

"A'a, Malam, maganinka shina da kyau, kada ka zarge shi. Ai jan san nan nawa da amalanken auduga ya yi wa miki a wuya, guda huɗu na ɓare na barbaɗa mashi, ka gan shi nan garau. In da hali ma a ƙaro mani."

Malam Jatau ya ajiye biro a hankali. Ya ce, "Alhaji, wane kafson ka barbaɗa wa sa?"

"Wanda yaro ya rage."

Ban sani ba dariya Malam Jatau yake dannewa ko kuka. Wani ne da sai ya yi faɗa, ya ce jahilci ne, Baba Alhaji kuma ya naɗe babbar rigarsa ya fita, daga nan sai Pauwa. Shi kuwa sai ya jawo kujera ya zauna daf da shi, ya tambaye shi labarin gona. Ya ce in mutum ya yi noman farko ya ga gona ta yi fes, yakan rataye fartanya ya ce an gama? Baba Alhaji ya ce wane irin manomi ne wannan, ai sai an yi maimai, in ba haka ba ciyawar da ta yi lamɓo ta taso ta fi ta farko ƙarfi. Malam Jatau ya ce to haka cikin yaron nan yake. Akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna shiga ta ruwa da hannu da ƙuda, su yi gida a hanji. Kwana ukun farko na magani yana kashe masu rauni, yaro ya ji daɗi ya tashi; sauran kwanakin su ne maimai. Sau uku ana yi wa cikina noman farko ana tafiya, waɗanda suka rage kuma sun saba da kafson har sun daina tsoronsa. Ya ce makaranta ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Baba Alhaji ya ce shi dai bai taɓa barin gonarsa ba maimai ba.

Sai dai an kusa ɓatawa a kan abu na gaba. Malam Jatau ya miƙo wata 'yar kwalba ya ce a sa masa bayan gidana a ciki, zai aika babban asibiti a duba a gano maganin da zai ci su. Baba Alhaji ya ce wannan kuma a'a. A gidanmu ko gashin aski da farce binnewa ake yi, balle a ɗauki abin da ya fito daga cikin yaro a sa a mota a kai wa mutanen da ba a san iyayensu ba. Muka dawo gida da kwalbar ba komai a ciki, ni a bayan keke ina ganin tumakin Pauwa suna yi mini gizo.

Wadda ta warware wannan ita ce Iya, kakata, uwar su Baba Alhaji, 'yar tsohuwa mai ɗan doro da ba ta rabuwa da taba-gari, wadda take kirana maigidanta, tana cewa ta gaji da auren rago. Baba Alhaji ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana fuska da fuska. In tana da saƙo gare shi, sai ta fito tsakar gida lokacin da yake alwala ta gaya wa kaji. Ran nan ta watsa musu tsaki, ta ce da ƙarfi a gaya wa mai gidan nan cewa kashin da ta wanke na mutane a gidan nan, har da na masu zuwa Makka, ya fi ƙarfin a yi mata rowar na jikanta. Washegari da kanta ta ƙulle kwalbar a tsumma ta taka har disfensare, ina biye da ita a kan jaki. Baba Alhaji ya ga fitarmu, ya juya yana gyara sarƙar keken da ba abin da ya same ta.

Bayan 'yan kwanaki amsa ta dawo, sai ga Malam Jatau a kan babur ɗinsa har ƙofar gidanmu, abin da bai saba yi ba. Ya zo da wani magani dabam, farar ƙwaya, safe da yamma. Bai ba Baba Alhaji ba, bai kuma hana shi ba. Cewa ya yi irin wannan maganin sai tsohuwa mai haƙuri, ya zuba a tafin Iya a gaban kowa. Ya iske za a ci tuwon rana, aka ce bismilla, ya zauna. Nan ya ga yadda muke wanke hannu: ƙwarya ɗaya ta ruwa, Baba Alhaji ya fara, ta bi manya, ta gangaro kan samari, kafin ta iso gare mu yara ruwan ya koma kamar kunun tsamiya. Ya ce don Allah a riƙa zubawa da buta, kowa nasa ruwan ya wuce ƙasa, a sa sabulu ko toka, musamman in an fito daga bayan gida. Ya ce a tafasa mini ruwan sha a rufe, in riƙa kurɓar ruwa mai ɗan gishiri da sukari duk lokacin da na zagaya, a sa wa masai murfi saboda ƙuda, ramin titi kuwa a bar wa shanu kayansu. Aka sake tsarin, amma butar ma daga kan Baba Alhaji take farawa, don girma ba ya faɗuwa.

Iya ba ta san agogo ba, sai ta ɗaura maganin da salla: ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba. Ta ƙulle kowace ƙwaya a ƙullinta dabam a gefen wani tsohon zane, ta ɗaura zanen a ƙugu a ƙarƙashin na sama, da shi take kwana da shi take tashi. Ba ta yarda in haɗiya a bayan idonta. Sai na buɗe baki ta leƙa, ta sa na ɗaga harshe. A rana ta huɗu na ji garau, na ce Iya ai na warke, ta ce miji na gari ba ya musu da matarsa, buɗe baki. A rana ta biyar aka yi baƙo daga Sabuwa mai ciwon gwiwa, na ga Baba Alhaji yana kai-kawo a ƙofar ɗakinta yana gyaran murya, hannunsa na rabo yana masa ƙaiƙayi. Iya ta leƙo ta dubi wata kaza mai 'ya'ya ta ce mata, wanga na mutum ɗaya ne, mai son yin kyauta shi yanka rago. Baƙon nan rago bai samu ba, amma ya tafi da zabo. Ni kuma na shanye maganina har ƙullin ƙarshe.

Ciwon bai dawo ba. Na yi mako ina jira, na yi wata, aka yi ruwan fari, aka yi shuka, shiru. Wandona ya koma ba ya bukatar ƙarin mazagi, maganar Pauwa ta mutu ba tare da an yi mata jana'iza ba. Yau in na duba, kantin magani ya fi masu sayar da ƙosai yawa a garinmu, ruwa ana sayar da shi a leda, yara suna da wayar da za ta gaya musu sunan kowace cuta, amma har gobe ina ganin masu digiri suna shan magani kwana uku su jefa saura a durowa. Samun mutum irin Malam Jatau, wanda zai bar layin marasa lafiya ya jawo kujera ya yi maka bayani da harshen gonarka, shi ne ya yi wuya. Hanyar da Iya ta taka da kwalbata a tsumma, ita kaɗai da yaro a kan jaki, yanzu sai an tambayi labarinta kafin a bi. Su ukun duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba na ɗaga hannu in yi addu'a ban tuna da alherinsu ba, har shi mai gwangwanin, wanda bai taɓa hana ni komai ba sai don ya ba wani.

Da lafiya ta samu, baki ya dawo. Na riƙa bi gida-gida ina shela cewa ciwo ne kawai ya danne ni, yanzu da na tashi, na ɗaya a aji sai dai a ba ni tun kafin jarrabawa don a huta. Ƙarshen zango aka ba mu sakamako. Da yake ba mai karanta boko a gidan sai ni, dole na tsaya a zaure gaban Baba Alhaji da dattawan unguwa na karanta da bakina: na talatin da takwas cikin arba'in. Wani ya tambayi su wane ne biyun da na wuce, na ce ɗaya ya yi ƙaura, ɗaya bai zo jarrabawar ba. Baba Alhaji ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya ninke ta da kyau ya sa a aljihu, ya ce in ci gaba da zuwa makarantar, tunda dai an tabbatar ba ita ke kayar da ni ba. Sannan ya ɓare goro, ya miƙa wa na kusa da shi rabi, ya ce:

"To, ciki dai an gyara. Ran kasuwa ka tuna mani in tambayi Malam Jatau ko shina da na kai."